Wutar Layya a Gindin Madaci

Alhaji Sahabi ya ci amanata a gaban mutum goma sha ɗaya, da rana tsaka, cikin ɗaki mai sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗakin nan, kuma da Faransanci ya yi don yana zaton ba zan ji ba. Shi ya sa ni hura wutar da ta ƙona itacen gidan, da bakinsa, har sau biyu. Da aka zo tambaya sai ya ce bai san da zancen ba. Ya ce ni baƙo ne, ɗan Najeriya, irinmu ba mu san doka ba. Mutumin da muka ci tuwo a akushi ɗaya shekara uku a ɗakin uwata. Na faɗa tun farko ne don ba na son kewaye-kewaye. Sauran labarin, alhamdulillahi, daɗinsa ya fi ɗacinsa yawa.

Sunana Labbo, Bagobiri daga ƙauyukan Sabon Birni, ga zane nan a kumatuna ba ya ɓoyuwa. Aji huɗu na yi a firamare, babana ya ce gona ta fi malam buƙatata, saboda haka inda rubutun ya karkace a yi haƙuri. Ina da shekara arba'in da ɗaya na zo Yamai, lokacin da daji ya ƙi shiguwa a wajenmu, noma ya gagara. Matata Rabi da 'yarmu Saratu na bar su wurin yayanta a Illela. Guzurina jakar leda da waya, da lambar Sahabi a cikin wayar. Sahabi ɗan maƙwabtanmu ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, Inna ta ɗauke shi ta haɗa da ni, har kawunsa ya zo ya tsallaka da shi Maraɗi ya sa shi makaranta. Daga nan sai labari muke ji: ya yi karatu, ya yi takardun Nijar, ya zama babban mai fiton kaya a Yamai.

Zangona na farko tasha ce, a nan aka yi mini barka da zuwa. Ina sauka wani mutum mai tsabtar kaftani ya gan ni ina ɗaga waya sama ina neman layi. Ya ce, "Malam, daga Najeriya? Ai layinku ba ya ci a nan. Kawo in sa maka namu a shagon can, yanzu-yanzu." Har da riƙe mini jaka ya so ya yi, Allah ya sa na hana. Na tsaya daga hantsi har aka kira azahar. Waya ta tafi, lambar Sahabi ta bi ta.

Na je wurin wani mai shayi na ce ko ya san Alhaji Sahabi. Ya dube ni ya yi dariya har ya ajiye buta. Ya ce, "Wanne daga ciki? Mai taya, ko mai shinkafa, ko wanda ya rasu bara?" Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya daina dariyar. Ya haɗa mini shayi da rabin burodi, ya ce in je Bukoki, can Hausawa suka fi yawa.

A Bukoki na yi wata bakwai. Gidaje a cunkushe, lungu a cikin lungu, in aka yi ruwa sai ka naɗe wando har gwiwa. Wani tela mutumin Tawa, Malam Isufu, ya bar ni ina kwana a shagonsa, ni kuma ina yi masa guga. Shi ya koya mini bakin garin: wutar lantarki kuran ce, makaranta lakwal ce, in an ce jaka kuɗi ake nufi, ba ta ratayawa ba. Abinci ne ya fi ba ni wuya. Furarsu ba ta kai tamu ba, ko yanzu ina nan a kan bakana. Kuma da la'asar ta yi, lokacin da a gida nake dawowa daga gona Saratu ta rugo ta karɓi fartanya, sai in ji guga ta yi mini nauyi a hannu.

Wata rana na je sayen kwaɗon zogale, wanda suke kira kopto, wurin wata Bazabarmiya a bakin titi. Tana ganin fuskata sai ta tafa hannu ta ce, "Jama'a ku zo ku gani, bawana ya zo! Wa ya kwance ka?"

Na ajiye kwanon. Na ce, "Ke, uban wa kike kira bawa?"

Matan da ke wurin suka fashe da dariya, har wata na riƙe ciki. Na koma shago ina huci. Malam Isufu ya ji labarin, shi ma ya yi ta dariya da allura a baki. Ya ce, "Kai Labbo, ba ka san Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne ba? Ta zage ka, ka zage ta, ba mai fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Kuma ran da ka shiga uku ita za ta fara tsaya maka. Koma ka rama."

Na koma. Na ce, "Uwar masu cin ganye, zuba mini abincin awakin nan naku." Ta ce an zana mana fuska ne don kada mu ɓace wa iyayengijinmu a kasuwa. Ta cika mini kwano har yana zuba, ta ƙara ƙuli a kai. Ranar na fara jin cewa zan iya zama a garin nan.

Daga nan Talaje, wajen filin jirgi, inda na sami aikin buga bulo. Shekara guda da 'yan watanni. Rana ta gasa ni, siminti ya cinye tafin hannuna. A can na ga Babbar Sallah irin ta Yamai. Mu a gida in an yanka rago yayyanka shi ake yi a soya a tukunya. Su kuwa sai a feɗe shi, a buɗe shi a kan sanduna biyu a gicciye, a fito da shi titi. Duk mutanen layin su haɗa itace su hura wuta ɗaya, a kakkafa ragunan kewaye da ita, na mai kuɗi da na talaka a jere, su wuni suna gasuwa. Sai washegari a yanka a rarraba. Wani tsoho Bazabarme, Baba Sumana, shi ke riƙe da wutar layinmu, ba ya barin kowa ya sa mata ko tsinke. Ni aikin wanke hanji aka ba ni. Daga inda nake tsugune na hango abin na ce a raina, mene ne a ciki? Itace ne da ashana.

Malam Isufu ne ya gano mini Sahabi. Wani direba ya kawo masa ɗinki, cikin hira ya ce maigidansa Bagobiri ne amma ba ya son a sani. Ya kwatanta gidan, a Filato.

Filato tsohuwar unguwa ce tun zamanin Nasara. Tituna masu faɗi, itatuwa manya sun haɗe kai a sama, tsofaffin gidaje masu kaurin bango da rufin da ya yi tsatsa, ofisoshin gwamnati a tsakiya. Ba mai talla, ba kukan injin niƙa. A tsakiyar waɗannan tsofaffin gidaje aka gina benen, hawa huɗu, gida goma sha biyu a ciki, fari fat. Kowa da gidansa da ya saya, amma tsakar gida, da ƙofa, da wurin iyo, da injin kuran da suke kira gurup, da akwatin da ke hawa da mutane sama wanda suke kira asansar, duk nasu ne su duka. Suna da ƙungiya, suna da littafin doka, suna zaɓen shugaba, farzidan suke ce masa. Ba a yin komai sai an zauna an ɗaga hannu. Na ga an yi zama biyu a kan launin fentin ƙofa. Ko kana da kuɗi kamar ƙasa ba ka sayen gida a ciki sai sun yarda da kai. A lokacin Alhaji Sahabi ne farzidan.

A wurin ajiye motoci ya karɓe ni, a tsaye. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ba zane a fuskarsa don an tafi da shi kafin a yi masa. Na ce, "Sahabi!" Ya dubi hagu ya dubi dama. Ya ce, "Alhaji za ka riƙa cewa. Suna neman gardi, mai gadin ƙofa, zan sa baki. Amma zancen gida a bar shi a gida." Na ce masa Inna ta rasu shekara biyar. Ya ce Allah ya ji ƙanta, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga.

Duk da haka aikin ya samu ta hannunsa, ba zan hana shi wannan ba. Aka ba ni ɗaki a gefen ƙofa, da fanka, da famfo, da ban-ɗaki nawa ni kaɗai. Ran farko sau uku na yi wanka don kawai ruwan na zuwa. Na koyi tada gurup in kuran ya ɗauke, na koyi buɗe asansar in ya maƙale da mutum. In na hau rufi duba tankin ruwa sai in tsaya in kalli kogi, da gada, da masu kwalekwale. Dokarsu ta ce gardin da ya yi shekara biyu ba laifi yana iya kawo iyalinsa, in taro ya yarda. Tun daga ranar na fara ƙirga watanni.

A tsakar gidan akwai madaci guda, mutum uku ba sa rungume shi. An karkatar da ginin ne don shi. Mai hawa na ɗaya, Hajiya Haisa, tsohuwa Bazabarmiya mai kusan shekara tamanin, filin na ubanta ne, akawu ne a zamanin Nasara, shi ya dasa itacen. Da za ta ba da filin a yi ginin ta sa sharaɗi biyu: gida ɗaya nata, kuma ba mai taɓa madacin. Yana rubuce a littafinsu. Haka kuma an rubuta ba a yanka, ba a hura wuta a tsakar gida.

Ranar da ta fara ganina daga barandarta ta ce, "Irkoy beri, Allah mai girma! Sun ɗauko Bagobiri gadi? To a ƙirga tayoyin motoci kowace safiya."

Na ce, "Hajiya, da Bazabarme aka ɗauka da har ƙofar ya sayar ya sayi ganye."

Ta yi dariya har da tari. Daga ranar kullum sai ta aiko mini da abinci, ta ce ragowar kyanwarta ce. Cikin irin wannan wasan ne ta ja ni da hira har na gaya mata wa ya goyi Alhaji. Ta gyaɗa kai.

Babbar Sallah ta uku da na yi a gidan ta faɗo a farkon damina, saura kwana tara a yi taron da za a duba zancen iyalina. Masu gidan in Sallah ta zo yawanci gidajen danginsu suke tafiya, can ake yanka. Direbobi da masu gadi na unguwar kuwa suna da wutarsu a titin bayan gidan. Hajiya ta tafi wurin ɗanta tun da safe. Ginin ya zama kusan ba kowa.

Bayan an sauko Idi Alhaji ya kira ni. Raguna huɗu aka yanka masa a waje aka kawo a bayan mota. Ya ce yana da baƙi, abokan kasuwancinsa daga Kwatano, yana so su ga gashin Yamai, a nan tsakar gida za a yi.

Na ce, "Alhaji, doka fa. A kai su titin baya mana, wuta na can."

Ya ce, "In kai baƙina su zauna cikin direbobi? Hura a nan, inuwar itacen ta fi."

Na ce, "Hajiya fa?"

Ya ce, "Ni ne farzidan ko kai? Hura, na ce. Kuma ka yi sauri, da la'asar nake so su ci."

Nan zan faɗi nawa laifin, don ni ba irinsa ba ne. Ban taɓa riƙe wannan wuta ba. Ban ce masa ban iya ba, girman kai ya hana ni. Abin da ban gani ba daga wurin wankin hanji shi ne Baba Sumana kaɗan-kaɗan yake sa itace, yana barin taki biyu tsakanin nama da wuta, ga tulin yashi a gefensa don kashe harshenta in kitse ya ɗiga. Kuma naman ba na ranar ba ne, ba a gaggauta shi. Ni kuwa na tula itacen mota guda gaba ɗaya, na matso da ragunan kusa don su yi saurin nuna.

Aka sauko da jar dardumar falon Alhaji da kujeru shida, aka shimfiɗa a gefe. Baƙi suka zauna suna shan lemo suna ɗaukar hoto. Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta riga ruwan zuwa. Kitse na ta zuba cikin garwashi. Sai wutar ta miƙe tsaye, ta fi ni tsawo sau biyu, iska ta kwantar da ita a kan rassan madacin. Ganye ya kama kamar takarda. Baƙi suka watse. Na ja tiyon wanke motoci, direbobin titin baya suka rugo da bokitai, Allah ya kawo ruwan sama ya ƙarasa mana. Amma gefe guda na itacen ya zama baƙi ƙirin tun daga gindi har sama.

Ana cikin naɗe darduma da sauri motar Hajiya ta shigo. Ta fito, ta tsaya cikin yayyafi tana kallon itacen. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana tara ba wasa, ba kwanon abinci.

Ranar taron aka kira ni ɗakin da suke zama a ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa da hulata a hannu. Alhaji na kan tebur yana magana da Faransanci. Shekara huɗu da rabi a garin nan, na tsinci abin da na tsinta. Na ji ya ce ya umarce ni in kai ragunan waje, ya hau sama da baƙinsa, bai san abin da nake yi ba sai da ya ga hayaƙi. Na ji "etranje", wato baƙo. Na ji "Najeriya". Na ga yadda ya buɗe hannuwa yana girgiza kai, wai shi ma tausayi ne ya sa ya kawo ni. Wani lauya mai hawa na uku ya ce a sallame ni a ƙarshen wata. Wata likita da ke rubuta abin da ake faɗa ta juyo ta tambaye ni da Hausa ko ina da magana.

Maganar na bakina. Amma a yadda aka rene mu ba a tsiraita ɗan gida a gaban mutanen waje, ko da shi ya fara. Na tuna Inna tana raba mana nama ɗaya biyu, ta ba shi babban don shi ne maraya. Na ce, "Wuta ni na hura ta." A raina na riga na fara shirya abin da zan gaya wa Rabi.

Sai Hajiya Haisa ta buga sandarta a ƙasa. Ba ta yi Faransanci ba, ko da yake ta fi su duka iyawa. Ta ce, "Kai, babban Bagobiri. Da kai nake, mai kujera."

Alhaji ya ce, "Hajiya..."

Ta ce, "Kana tsammanin don ba a tsaga maka fuska ba ban san nawa ba? Ni bayina ko a duhu ina gane su. Gaya mini, wannan ƙaramin bawan nawa shi ya hau falonka ya sauko da jar darduma don ya ji daɗin zama yana hura wuta? Da kujeru shida? Gindi nawa gare shi?"

Likita ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Lauya ya cire tabarau.

Hajiya ta ce, "A aika a ɗauko dardumar mu gani mana. Na ga garwashi ya yi mata huji uku. Ko ita ma daga sama ta hango hayaƙi?"

Da wani ne ya faɗi haka da an yi rigima har kotu, don Alhaji ba ya ɗaukar raini. Amma Bazabarmiya ce ke yi wa Bagobiri, a gaban mutanen da duk sun san al'adar. In ya yi fushi ya ji kunya, in ya ce shi ba Bagobiri ba ne ya fi jin kunya. Sai ya yi wata dariya wadda ba ta wuce haƙora ba, ya ce, "Hajiya ba ki da dama." Zufa na keto masa cikin sanyin kilim.

Ta ce, "Gobirawa biyu suka ƙona itacen ubana. Ɗaya ya ce shi ne. Wannan ɗin nake so a bar mini. Shi ya ƙona, shi zai yi jinya. In kaka ta yi bai fitar da ganye ba, ni da kaina zan raka shi tasha. Zancen matarsa a ajiye sai itace ya yi magana."

Aka ce wanda ya yarda da maganar Hajiya ya ɗaga hannu. Takwas suka tashi, uku suka zauna a cinya. Alhaji na ta duban takarda.

Ran hutuna na hau kabu-kabu har Talaje wurin Baba Sumana. Ya saurare ni, ya ce, "An ba Bagobiri ashana, me ake jira?" Sai da ya gama tsokanata sannan ya ce in sare duk reshen da ya mutu, in kwaɓa laka da kashin shanu in shafe inda ɓawon ya ƙone, in haƙa rami kewaye da gindin, in sa masa ido. Lauya ya yi ƙorafin wari har a rubuce. Hajiya ta ce ya toshe hanci. Kullum da asuba kafin in buɗe ƙofa sai na zagaya itacen ina duba baƙin gefen kamar mai duba majiyyaci. Wata ɗaya ba komai. Wata biyu ba komai. Rabi na tambaya a waya, ina ce mata ana kan takardu.

Cikin wata na uku, wata safiyar Laraba, na ga wasu 'yan jajayen tsiro guda biyar sun huda ta gefen lakar. Na tsaya a ƙarƙashin baranda na ɗaga murya na ce, "Uwar masu cin ganye! Fito ga abincinku ya tsiro!"

Ta leƙo, ta daɗe tana kallo. Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Kauce daga nan, mummuna, kada ka sa su koma." Da rana kwanon abinci ya dawo.

Rabi da Saratu sun zo bayan kaka. Yanzu Saratu na lakwal, tana gyara mini Faransanci, tana kuma jin Zabarmanci don kullum tana wurin Hajiya. Rabi na dama fura irin tamu, likita ma na aikowa a saya mata. Da yamma mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, inuwar madacin na kaiwa har wurin. Mutanen sama suna da kilim da asansar, amma da yawansu sai sun sha magani suke barci, ni na sani don ni ake aike kanti. Ni ban mallaki ko bulo ɗaya a ginin nan ba, amma na fi kowa zama a cikinsa. Da aka sake zaɓe likita ce ta zama farzidan. Alhaji na nan a hawa na huɗu. Shekara guda ina buɗe masa ƙofa, yana ɗaga mini yatsa biyu ta bayan gilashi, ba wanda ya ce wa wani uffan a kan abin da ya faru.

Kafin Sallar bana na koma wurin Baba Sumana sau uku, ya koya mini wutar tun daga yadda ake jera itace. Direbobin titin baya suka ce tunda na fi kowa sanin sharrinta, ni zan riƙe musu. Na sayi ɗan ragona, ƙarami ne, amma nawa ne, na ɗaure shi a bayan ɗaki.

Ran jajibiri bayan la'asar ina zaune ina feƙe sandunan gashi sai ga Alhaji da kansa, a ƙafa, direbansa na biye da shi yana jan wani farin rago mai ƙaho kamar na sa. Bai taɓa takowa ƙofar ɗakina ba sai ranar. Ya sallami direban. Ya yi magana da harshen gida, wanda ban ji a bakinsa ba tun muna yara.

Ya ce, "Labbo, wanga naka na. A ci da iyali. Abin da ya wuce shi wuce."

Na ajiye wuƙar don kada a ce na yi magana da makami a hannu. Na miƙe tsaye. Na kira shi da sunan da Inna ke kiransa.

Na ce, "Sahabi, na gode, mai da ragonka. Wuta ni na hura, na ɗauki laifina, na yi jinya, ga itace can ya yafe mini. Ƙaryar da ka yi don ka tsira da kujera ita ma na bar ka da Allah, tsoro ne, kowa na jin tsoro. Amma ka dubi mutanen da ba su san uwarka ba ka ce musu ni baƙo ne. Inna ba ta taɓa ce maka baƙo ba, ko ran da tuwon bai isa ba. Wannan rago ba ya goge shi, ko garke ka kawo. Ƙofa zan ci gaba da buɗe maka safe da yamma, aikina ne. Ragunanka kuwa, in kana so su gasu, aiko su titin baya gobe in an sauko Idi, ni ke riƙe da wutar bana. Zan kafa su kusa da ɗan ƙaramin nawa. A can ba wanda ke tambayar rago ɗan wace ƙasa ne."